Kufan Kanawa Ba Juji Ba Ne

Yau ba labarin dariya na kawo maka ba. Faɗa na zo yi. In maganata ta taɓa ka, ka yi haƙuri, amma ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Ran wata kasuwar Matamaye muna zaune a inuwa, muna jiran rana ta yi sanyi. Hira ta kai mu ga Kufan Kanawa, tsohon birnin nan mai ganuwar dutse da ke cikin jiharmu ta Damagaram. Wani mai amalanke ya ce: "Ni da za a ba ni hanya, cikin rani ɗaya zan kwashe duwatsun nan in sayar wa magina. Me aka ajiye su suke yi?" Aka yi dariya. Wani ya ce ai gidan aljannu ne, kada ya kuskura. Wani ya ce kufan arna ne, ba ruwan Musulmi da shi. Wani saurayi kuma ya ce shi bai yarda baƙar fata ne suka gina ba.

Mutum huɗu, magana huɗu, kuma duk huɗun kuskure ne. Na dawo gida abin yana cina. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, in ba su amsa a gabanka. Mai yiwuwa kai ma ka taɓa faɗin ɗaya daga cikin maganganun nan.

Mene ne Kufan Kanawa?

Ka san kufai. Kowane ƙauye yana da nasa: wurin da aka zauna, aka tashi, aka bar toka da tsingaro. Amma Kufan Kanawa ba kufan bukka goma ba ne. Birni ne guda. Yana cikin kwarin Makarauci, tsakanin duwatsu. An kewaye shi da ganuwar dutse mai tsawon kilomita 6 ko kusa da haka.

Tsaya ka auna wannan. Kilomita 6 mita 6000 ke nan. Mai ƙarfin tafiya sai ya yi fiye da awa ɗaya kafin ya zagaye ta ya dawo inda ya tashi. Ka tuna wahalar da ka sha ran da ka yi wa gidanka katanga. Ka tuna yawan mutanen da ka kira gayya kafin ka ɗora jinkar ɗaki ɗaya. To, su mutanen nan ba su da mota, ba su da siminti, ba su da baro. Kowane dutse da ka gani, wani ne ya tsuguna ya ɗauke shi, ya kai shi, ya aza shi.

Kuma masu ɗaukar dutse suna cin tuwo. Wani ya noma geron. Wata ta daka, wata ta ɗebo ruwa. Maƙeri ya ƙera musu kayan aiki. Sannan akwai wanda ya ce "ganuwa ta bi ta nan, ƙofa ta zauna can," aka kuwa ji maganarsa. Ka ga ashe ganuwa tana gaya maka akwai jama'a mai yawa, akwai abinci a rumbu, akwai shugabanci. Wannan duka ka karanta shi ne daga dutse, ba daga takarda ba.

Don me suka nemi duwatsu?

Ba su kaɗai ba ne. Duba manyan garuruwan ƙasar Hausa na dā. Kano ta tsiro a gindin dutsen Dala, inda masana suka sami shaidar ana narka tama tun fiye da shekara 1300 da suka wuce. Mutanen Zazzau sun zauna a Turunku da Kufena, duk gindin duwatsu. Kwatarkwashi a ƙasar Zamfara haka. Birnin Damagaram ma, in ka je, za ka ga unguwar Birni a tsakanin manyan duwatsu take.

Dalilin a fili yake. Wanda ke kan dutse yana hango ƙurar mahaya tun suna nesa, sai ya buga kuge, mata da yara da bisashe su shige. Doki ba ya sukuwa a kan dutse. Ruwan sama da ya sauka kan dutse yana gangarowa gindinsa, shi ya sa rijiya ba ta nisa, ƙasa kuma takan yi albarka. Ga kayan gini a kwance, ba saye.

Akwai wata dabara kuma. Birnin Hausa na dā ba gidaje kaɗai yake kewayewa ba. Ana barin fili a ciki, na noma da kiwo, da wurin saukar mutanen ƙauye in yaƙi ya koro su. In abokan gaba sun tsare ƙofa, na ciki ba za su mutu da yunwa nan da nan ba. Shi ya sa ganuwa take yin tsawo haka. Mutanen da suka yi wannan tunani ba wawaye ba ne.

Abin da baki ya faɗa, da abin da gawayi ya faɗa

Sunan wurin kansa labari ne. Tsofaffi sun ce a nan Kanawa suka fara zama, daga nan suka tashi suka yi kudu suka kafa Kano, kusan shekara 1000 da suka wuce. An daɗe ana faɗin haka, kaka ya gaya wa jika.

Wajen shekarar 2000 wata masaniya mai suna Anne Haour, daga jami'ar Oxford ta Ingila, ta zo ta yi bincike a wurin. Aka haƙa ramuka a hankali, ana auna zurfi, ana rubuta inda kowane abu ya fito. Aka tara fasassun tukwane masu yawa. Aka ɗauki abin da za a gwada shekarunsa.

Za ka ce, ta yaya ake sanin shekarun abin da ba ya magana? Ga yadda abin yake. Itace, muddin yana raye, yana shaƙar wani abu daga iska wanda ido ba ya gani. Ran da aka sare shi, shaƙa ta tsaya. Daga ranar abin nan zai dinga raguwa kaɗan kaɗan, bisa ƙa'idar da ba ta sauyawa: rabinsa yana tafiya cikin shekara 5730. Kamar tulu ne mai yoyo. In ka san yawan ruwan da ke zuba kowace awa, ka leƙa ka ga abin da ya rage, za ka san lokacin da aka cika shi. Haka ake yi wa gawayin murhun mutanen dā da ƙasusuwan da suka yar.

To, gwaji ya nuna ana zaune a Kufan Kanawa tsakanin wajen shekarar 1300 da 1650.

Yanzu ɗauko tarihin sarakunan Kano ka aza kusa da wannan. A can an rubuta Bagauda ya fara sarauta wajen 999. Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar Kano. Zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo da addinin Musulunci. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi. Ka gani? Lokacin da hayaƙi ke tashi daga murhun Kufan Kanawa, Kano ta riga ta zama babban birni. Garuruwan nan biyu sun rayu zamani ɗaya, shekaru ɗaruruwa.

Shin tsofaffi ƙarya suka yi? A'a. Ruwa ba ya tsami banza. Suna ba ya manne wa wuri ba dalili. Mai yiwuwa ne mutanen wurin, da suka tashi, Kano suka nufa, don ita ce babbar kasuwa. Mai yiwuwa ne fataken Kano sun yi zango a nan har aka sa wa wurin sunansu. Baki ya riƙe zumuncin da ke tsakanin arewa da kudu, tun kafin Faransi da Ingilishi su ja iyaka tsakaninmu da 'yan'uwanmu na Daura da Kano. Abin da baki ya kasa riƙewa shi ne lissafin shekaru. Wannan kuma ƙasa ta riƙe mana.

Ka lura da wannan sosai, don a nan maganata take. Shaidu biyu gare mu: bakin tsofaffi da cikin ƙasa. Kowanne yana gyara ɗan'uwansa. In ka kashe ɗaya, shari'a ta lalace. Kuma ba a haƙe wurin duka ba. Sauran amsa tana kwance a ƙarƙashin rairayi, tana jiran 'ya'yanmu da za su yi karatun abin.

Ga mai cewa ba mu muka gina ba

Saurayi, zo nan. Maganar da ka faɗa ba taka ba ce, aro ka yi. Bari in gaya maka inda ta fito.

Can kudancin Afirka akwai wani kufai na dutse da ake kira Babbar Zimbabuwe. Wani sashensa yana kan tsauni, kamar gidan sarki mai tsaro. An jera duwatsunsa ba laka ba siminti, wata katangar ta kai mita 11. An gina shi tsakanin wajen 1100 da 1450. Da Turawa suka gan shi, sai da yawansu suka ce ba zai yiwu baƙar fata su yi wannan ba, lalle wasu baƙi ne daga gabas. Me ya sa suka nace? Don wanda ya zo ƙwace maka gona, ya fi son a ce kakanka bai taɓa dasa kome a cikinta ba.

Amma ƙasa ba ta munafunci. A 1905 wani masani ya haƙa, ya ce aikin mutanen ƙasar ne. A 1929 wata masaniya ta sake haƙawa, ta tabbatar. Da ƙasar ta sami 'yanci a 1980, sai ta yar da sunan Rodeshiya, ta ɗauki sunan kufan nan. Tsuntsun dutse da aka samu a wurin, hotonsa yana kan tutarsu.

Su sun ɗauki kufansu sun sa a tuta. Kai kana so ka ba da naka kyauta, ka ce ba na gidanku ba ne. A Surame, ƙasar Kabi, Muhammadu Kanta ya gina birni mai ganuwar dutse a ƙarni na 16, ga shi nan har yau. A Loropeni ta Burkina Faso akwai katangun dutse da duniya ta sa cikin kayan gadonta a 2009. A arewa mai nisa ta ƙasarmu akwai Jado, tsohon gari a kan dutse. Su ma Nasara ne suka gina? Fasassun tukwanen da aka tono a Kufan Kanawa aikin hannun maginan tukwane ne na wannan ƙasa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ga mai cewa kufan arna ne, ko gidan aljannu

Baba, da girmanka, amma ka duba shekarun nan da kyau. Zamanin da ake zaune a Kufan Kanawa, Musulunci ya riga ya shiga Barno da daɗewa, ya shiga Kano da Katsina. Wa ya ba ka labarin abin da ke zuciyar kowane mutum a cikin ganuwar nan? Kuma ko da a ce wasunsu sun yi tsafi, kakanka ya daina zama kakanka? Ba wanda ya ce ka je ka yi yanka a gindin dutse. Cewa aka yi ka san inda ka fito. Malamanmu da kansu suna yi mana wa'azi da kufan mutanen farko, su ce mu duba mu yi tunani. Yaya za a yi tunani a kan abin da aka share?

Batun aljannu kuwa, zan faɗi gaskiya: tsoron nan ya yi mana rana. Kufai da yawa tsoro ne ya tsare su, ba ilimi ba. Amma tsoro mugun mai gadi ne. Ran da baƙo ya zo da kuɗi a hannu, tsoro yakan gudu ya bar ƙofa a buɗe. Mai gadin da ba ya gudu shi ne sanin darajar abu.

Ga mai son ya sayar

A nan ne haɗarin ya fi girma. Na taɓa ganin wani mutum ya kwance ƙullin tsumma, ga tsofaffin duwatsun wuya da wata 'yar tukunya. Ya tono su ne a kufan ƙauyensu. Wani baƙo ya taya jika biyu. Mutumin yana murna, wai ya tsinci dami a kala.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Bari in ba ka labarin Bura, a jihar Tilaberi. A 1975 aka gano wurin ba zato. A 1983 masanin ƙasarmu Bube Gado, na jami'ar Yamai, ya haƙa shi bisa ƙa'ida. Aka sami makabarta ta mutanen dā, da manyan tukwane masu ado, da mutum-mutumin mahayin doki na yumɓu. Aka kai kayan nan nuni har Faransa a 1993. Duniya ta gani, ta yi mamaki.

Sai dillalai suka ji ƙamshi. Suka shiga ƙauyuka da kuɗi. Talakawa, ga fari ga yunwa, suka ɗauki diga da shebur. Cikin 'yan shekaru aka farfashe wurare masu yawan gaske. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da aka fi sacewa. Kayan suna gidajen masu kuɗi a Turai da Amurka. Manomin da ya tono ya daɗe da cinye 'yan kuɗinsa. Abin da aka bar masa ramuka ne.

Ban zagi mai yunwa ba. Na san abin da ake nufi da rumbu ya ƙare tun kafin shuka ta yi kai. Amma ka gane irin cinikin da ake yi da kai. Dillali ba ya ba ka ko ushirin abin da zai samu. Kuma ba tukunya kaɗai ka sayar ba. Ka tuna gwajin gawayi da na gaya maka? Ba ya aiki sai an sami abu a mazauninsa. Ƙasar kufai hawa hawa take, kamar tabarmi da aka shimfiɗa wata kan wata. Ta ƙasa ita ce tsohuwa, ta sama ita ce sabuwa. Gawayin da ke kusa da tukunya shi ke faɗin shekarunta. In ka zuba diga ka cakuɗa su, ko malamin duniya ya zo ba zai iya karanta kome ba.

Kai da ka sha wahala ka koyi baƙaƙe, ka san zafin wannan. A ce yaro ya ɗauki littafinka ya yayyage, ya ba mai ƙosai ta ƙunsa. Takardun suna nan, amma karatu ya tafi. Haka mai tonon kufai yake yi. Bambancin kawai, littafinka ana iya buga wani. Wannan kuwa guda ɗaya ne tak a duniya.

Ga mai amalanke

Abokina, kai ne ka fara magana, kai na bari ƙarshe. Ka ce duwatsu me suke yi. Ina so ka dubi abin da ya sami ganuwar da muka sani.

Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da babbar ganuwa. A zamaninsa har igwa ake ƙerawa a Damagaram. Je ka nemi ganuwar nan yau. Guntaye za ka samu nan da can. Ta Kano fa, wadda Turawan da suka ci garin a 1903 suka tsaya suna mamakin girmanta? Wurare da yawa an ɗebe ƙasarta an yi tubali, an gina gidaje a kanta. Ba igwar abokan gaba ce ta cinye mafi yawanta ba. Masu gari ne, kowa kwando ɗaya, kowa yana cewa nawa kaɗan ne.

Waɗancan na ƙasa ne, ruwan sama ma yana cinsu. Ta Kufan Kanawa ta dutse ce. Ta jure damina fiye da 350 ba mai yaɓe, ba mai gyara. Iska ba ta iya da ita ba. Abin da zai iya da ita amalanke ne. Kai da kanka ka ce rani ɗaya ya isa. Gaskiyarka. Abin da ya ba ni tsoro ke nan.

Za ka ce dutse ai dutse ne. To, dutsen da ke zube a daji ka ɗauka, ba mai hana ka. Amma wanda hannu ya jera ya tashi daga dutse ya zama shaida. In ka ɗauke shi, kai ka sami tamma kaɗan, jama'a duka sun yi hasara.

Manomi yana da tambaya, kuma tambayarsa tana da hujja. Zai ce: "Mutane sun yi yawa, gona ta yi kaɗan. In bar fili saboda matattu, rayayyu su ci me?" Ba wanda ya ce a bar noma. Shekara da shekaru ana shuka gero a kan kufai, ƙasarsa ma takan fi kyau saboda toka da taki na dā. Abu biyu kawai ake roƙo: kada a rushe jerin dutse, kada a haƙa rami neman dukiya. Jerin dutsen ma amfaninka ne. A ƙasar Adar manoma da kansu suke jera duwatsu a gona don su tare ruwa, su hana zaizaya. Kai an jera maka tun kafin a haifi kakanka, kana neman kwashewa.

Manya ma da nasu laifi

Kada a ce talaka kaɗai na sa a gaba. A 1997 gwamnatin Nijar ta kafa dokar kare kayan tarihi. Ta hana tono ba da izini ba, ta hana fitar da kayan nan waje ba da izini ba. Madalla. Amma da wane harshe aka rubuta ta? Da Faransanci. Binciken da aka yi a Kufan Kanawa da wane harshe aka buga shi? Da Ingilishi. Mutumin da ke kwana yana tashi kusa da ganuwar, wane harshe yake ji? Hausa.

To, yaya za ka hukunta mutum da dokar da ba a karanta masa ba? Yaya za ka ce ya tsare dukiyar da ba a gaya masa darajarta ba? Ɗalibi a Ingila yana iya buɗe littafi ya san shekarun Kufan Kanawa, ɗan lakwal a Matamaye ko Kance bai taɓa jin an ambace su ba. Wannan abin kunya ne, kuma ba kunyar manomi ba ce. Muna kira ga masu ilimi da masu mulki: ku juya mana abin nan da Hausa. Ku faɗe shi a rediyo. Ku sa shi cikin littafin yara. Agadas ta shiga jerin kayan gadon duniya a 2013, don an tsaya mata. Mu ma muna da abin da za a tsaya wa.

Abin da ke hannunka

Kada ka jira Yamai. Ga abin da za ka iya tun gobe, ko a Kufan Kanawa kake, ko kusa da ƙaramin kufan garinku.

Na ɗaya, ka sayi ɗan littafi. Ka je wurin tsoho mafi shekaru a garinku. Ka tambaye shi: Mene ne sunan kufan nan? Su wa suka zauna? Me ya tashe su, yunwa ko yaƙi ko rijiya ce ta ƙafe? Ina suka nufa? Ina ƙofa take, ina kasuwa, ina maƙera? Ka rubuta sunansa da ranar da ya gaya maka. Kada ka manta da tsofaffin mata. Su suka san zuriya, su suka san wa ya auri wa. In tsoho biyu sun saɓa, kada ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi. Rubuta duka biyun.

Ka san wani abu? Tsakanin 1906 da 1909, da ayarin Tilho ya zo shata iyaka tsakanin Faransi da Ingilishi, akwai wani hafsa a cikinsu mai suna Landeroin. Aikinsa ya zauna da tsofaffin ƙasar nan yana tambaya yana rubutawa. Har yau masana suna komawa ga abin da ya rubuta. Baƙo ne, ga shi ya zo da mulkin mallaka. Kai ɗan gida ne, harshenka ne, kakanka ne. A dā kana da uzuri, ba ka iya rubutu ba. Yanzu uzurin ya ƙare.

Na biyu, in hauyarka ta ci karo da tukunya ko ƙashi ko wani ƙarfe, kada ka tumɓuke. Ka mai da ƙasa ka rufe, ka sa alama, ka gaya wa mai gari, shi kuma ya kai magana gaba. In akwai mai waya, a ɗauki hoto.

Na uku, in baƙo ya zo yana tambayar tsofaffin kaya, ka tambaye shi takardar izini. Yanzu ka iya karatu, ka karɓa ka duba da idonka. In ba shi da ita, ka ba shi ruwa ya sha, ka nuna masa hanya.

Na huɗu, ku yi magana da mushen lakwal da malamin makarantar allo. Bayan an gama girbi, a kai yara su ga wurin. Gani ya kori ji. Yaron da ya taka ganuwa da ƙafarsa, aka gaya masa kakanninsa ne suka jera ta, ba zai girma ya kawo amalanke ba.

Na biyar, ku zauna da mai gari ku yanke shawara a gaban kowa: jerin dutsen kufai ba na sayarwa ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gayya ce ta gina ganuwar nan, gayya ce za ta tsare ta.

Ɗan'uwa, mutanen Kufan Kanawa sun yi zamaninsu sun wuce. Ba su bar mana takarda ba. Sun bar suna a bakin tsofaffi, sun bar ganuwa a kan ƙasa, sun bar toka a ƙarƙashinta. Tsofaffin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kowace shekara muna binne wani da labarinsa a ciki. Wannan rani, kafin ka ɗauki jakar cin rani, ka ba tsoho ɗaya yini ɗaya.

In ka rubuta, ka aiko mana, mu buga kowa ya karanta. In kuma kana ganin na yi kuskure, kai ma ɗauki alƙalami ka ba ni amsa. Mai amalanke, har da kai. Ina saurare.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai mu damina mai albarka. Amin.